Kar Kowa Ya Taɓa Keken

Kusa da Graz, Ostiriya
22 ga Afrilu

Yaya Sorana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin gidan burodin da kika ce zai tsofar da ke tun ba ki kai ashirin da uku ba. Yaya kafaɗar? Mama ta ce har yanzu in hadari ya haɗu takan yi miki tsami. Ni lafiyata ƙalau, in dai lafiya ita ce abin da agogon auna bugun zuciya da Baba ya ɗaura min yake nunawa.

Kar ki yi mamakin ganin takarda da ambulan sai ka ce zamanin Kaka. Baba ya karɓe wayata tun da muka tsallake iyaka, wai waya tana shanye ƙafa. Ranar Litinin kawai yake ba ni ita in kira Mama, shi kuma yana tsaye a gefena yana goge sarƙar keke. Akwai wata 'yar Hangari, Boroka, da muke haɗuwa a wuraren tsere, ita za ta jefa min wannan a gidan waya. Ba za ki iya ba ni amsa ba, don ni ma ban san inda za mu yada zango jibi ba.

Motar dai ita ce wadda kika sani: gado a ƙasa, kekuna a sama, warin man sarƙa da jiƙaƙƙen takalmi ko'ina. Inda kika zana sunanki da ƙusa yana nan, sai dai Baba ya rataye taya a kai. A cikin motar nan muka yi bikin Ista. Mama ta sako mana jajayen ƙwai shida da burodin salla guda, muka gwara ƙwai ni da Baba yadda aka saba, nawa ya fasa nasa, sannan ya yanka min burodin siriri har ana hango hasken taga ta cikinsa. Saura ya ce sai bayan tsere. Bayan tsere ya riga ya bushe.

Lambar da suka ɗaura min a kan keke sittin da uku. Kin san abin da hakan ke nufi, amma bari in yi ƙorafi, ba ni da wanda zan yi wa. Mai maki ne ke tsayawa a layin gaba. Maki kuwa sai wanda ya gama a gaba. Gamawa a gaba kuma sai wanda ya tashi a gaba. Ni a layi na takwas aka ajiye ni, da aka busa tashi ma sai da na ɗan tsaya ina kallon bayan hulunan mutane. Da muka isa inda hanya ta tsuke ta shiga daji, wata ta sa ƙafa a ƙasa, shi ke nan duk muka sauka. Mu arba'in a tsaye cikin taɓo, kowa riƙe da kekenta, sai ka ce layin gidan mai, 'yan gaba kuwa tuni sun ɓace. Na gama ta talatin da ɗaya.

A wurin miƙa ruwa Baba yana nan yadda kika bar shi, hannu a miƙe da gora, filaya a aljihun baya, yana ta ihu da yarenmu a tsakiyar masu jin Jamusanci: "Tili, taka! Kina tuƙi kamar mai kai wa Kaka madara!" Da yamma ya zare agogon daga hannuna, ya duba bugun zuciyata zagaye bayan zagaye, ya ce ba laifi. Daga bakin Baba, kin san wannan kyauta ce babba.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gaji. Ba gajiyar ƙafa ba. Ba na son tseren nan, ban ma tuna ranar da na so shi ba. Keken ina sonsa. In da za a bar ni in hau ba lamba, in bi ta bayan gidanmu har garken tumakin da ke gindin dutse, in ci cuku in dawo, da na gode wa Allah. Amma ina kallon abin da ya same ki. Kin ce kin daina, yau shekara huɗu ke nan ko sunanki Baba bai kama a gabana ba. Ba zan iya wannan ba. Ke mai taurin kai ce, ni kuwa in ya yi min shiru na wuni ɗaya abinci ba ya wuce min.

In kin je gida ki sumbatar min hannun Kaka, ki ce mata kwalaben miyar gautan da ta ba mu saura biyu.

Ƙanwarki,
Otilia


Ƙasar Cek, a wani sansani gefen tafki
19 ga Mayu

Yaya Sorana,

Ina gaishe ki. Allah ya sa wasiƙar farko ta iso, Boroka ta rantse ta jefa, amma yarinyar da ta taɓa zuwa layin tashi ba hular kwano, ban ba da gaskiya duka ba. Ina fatan zafin tanda bai dafa ki ba.

Na yi wata dabara, ta ci ni. Kin tuna alƙalin da ke tsayawa daf da ƙarshen zagaye, wanda in kin yi nisa a baya yake tare ki ya fitar da ke kafin 'yan gaba su zagayo su cim miki? Da, in na ga waɗanda aka fitar, tausayinsu nake ji. Yanzu sha'awa suke ba ni. Suna zaune kan ciyawa, sun cire takalma, suna cin ayaba suna dariya. Sai na ce, to, ni ma in lallaɓa a fitar da ni sau biyu, sau uku, Baba da kansa ya ce yarinyar nan ba ta da ƙafa, mu koma gida. Ba ni na daina ba ke nan, alƙali ne.

Zagaye biyu na yi ina tafiyar hawainiya, ina haki na ƙarya duk sanda na zo wucewa ta gabansa. A na uku wata doguwa 'yar Jamus ta zo ta sa min gwiwar hannu a haƙarƙari a kan hawa, har da juyowa ta kalle ni. Yaya, ban san lokacin da abin ya ciyo ni ba. Na wuce ta, na wuce ta gabanta, kafin hankalina ya dawo na wuce mutum sha huɗu. Na gama ta ashirin da biyu, aka ba ni maki. Ni da na fito neman kora.

Da yamma ya duba agogon. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zagaye biyun farko yawon shan iska kika yi." Na ce cikina ne. Ya ce, "Ciki ba ya sa zuciya ta huta, Tili." Ya fita ya wanke keken da ya riga ya wanke. Ko ƙarya ban isa in yi ba, abin da ke ɗaure a hannuna yana kai masa rahoton abin da ke ƙirjina. Yanzu lambata talatin da takwas, yana ta nuna wa wani ɗan Folan makanike da ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarenmu.

Kwanan nan ranar nan taki ba ta barin kaina. Ina shekara sha uku, ina bayan Baba riƙe da gorar ruwa. Gasar ƙasa ce, kina ta biyu, zagayen ƙarshe. Kika faɗi a gangaren duwatsu, keken ya danne ki, ƙafarki ɗaya a maƙale a feda. Wasu 'yan kallo biyu suka ɗaga igiyar ledar da aka shata hanya da ita za su shigo su ɗauke miki shi. Sai Baba ya buɗe murya, har yau ina jin ta a kunnena: "Kar kowa ya taɓa keken! Za a kore ta! Sorana, tashi!" Yana tsaye taku uku daga inda kike, igiyar tana taɓa cikinsa, bai tsallaka ba. Kika tashi. Kika gama ta uku da karyayyen ƙashin kafaɗa, hannu ɗaya a kan keke. Da aka rataya miki lambar yabo, hannun hagu kika miƙa aka gaisa.

A lokacin na ɗauka jarumta na gani. Na yi ta ba wa 'yan ajinmu labari. Ban gane abin da ya sa kika ajiye lambar yabon a kan teburin kicin kika hau jirgin ƙasa zuwa birnin Cluj ba. Kuma doka dai doka ce, in wani ya taɓa keke a wajen wurin gyara kora ce, Baba bai ƙirƙiro ta ba. Amma ina son in tambaye ki wani abu da ba zan samu amsarsa ba: da kina kwance, kina ganin takalmansa?

Ki gaida mai gidan burodi, wadda kika ce tana kiran ki "gurguwar tsuntsuwa". Ki ce mata ƙanwarki ta ce ta kiyaye.

Taki,
Otilia


Arewacin Italiya
12 ga Yuni

Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Wannan gajera ce, Baba ya tafi karɓo lamba, ina da rabin awa.

Lambata yanzu sha tara. Layi na uku. Tun da nake ban taɓa hango bakin daji daga wurin tashi ba sai wannan karon.

Mai horar da 'yan tseren ƙasarmu ya zo da kansa, wani mai tumbi da ke kiran kowace yarinya "zakanya" don ba ya riƙe suna. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Dumitru, in zakanyarka ta shiga goman farko ranar Lahadi, ta zama tamu. Gasar Turai, sansanin horo, shekara biyu a ƙungiya." Baba ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar a coci. Ni kuwa abin da na ji kawai shekara biyu.

Jiya na yi niyyar faɗa masa. Na haddace maganar tun a kan hanya. Muna zaune a bakin mota muna cin taliya ba miya, na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Ina so in..." Ya ɗago yana kallo na, fuskarsa duk ta ƙone da rana, gashinsa ya yi fari a gefe, ban san yaushe ba. Na ce, "Ina so in rage iskar tayar gaba." Ya yi murna, ya ce yanzu na fara tunani irin na manya.

Ya aike ni in ɗauko abin auna iska a akwatin kayan aiki. Da na ɗaga tiren sama, a can ƙasa, naɗe cikin tsohuwar rigarsa, sai ga lambar kekenki ta ranar nan. Huɗu. Har da busasshen taɓo, gefe ɗaya a tsage. Shekara huɗu tana yawo da mu ƙasa ƙasa a ƙarƙashin sifanu. Na mayar yadda na same ta. Ban san ko don kewa ya ajiye ba ko don haushi, kuma ba na jin shi ma ya sani.

Akwai gangare a hanyar nan mai saiwoyi da duwatsu, a jiƙe, kamar naki. Na bi shi sau tara a gwaji ban faɗi ba. Matsalar ke nan, Yaya, na iya. Da ban iya ba da tuni ina gida. In na shiga goma an kulle ni shekara biyu. In na yi sanyi da gangan agogo zai tona. In na faɗa masa, zan koma wata lamba a ƙasan akwati. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga ƙofa ba.

Ki kunna min kyandir in kin wuce coci. Kar ki tambaye ni na me, ni ma ban san abin da zan roƙa ba.

Otilia


Hangari, a wata tashar mai
17 ga Yuni

Yayata Sorana,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Kafin Mama ta kira ki tana kuka: ban ji ciwo ba. Gwiwa ce ta ɗan kuje, sai ƙugu da ya yi shuɗi. Ki zauna ki karanta wannan, kar ki karanta a tsaye a gaban tanda.

Ranar Lahadi an yi ruwa da safe, ya ɗauke kafin tashi. Na shiga daji ta sha ɗaya, ba wanda ya sa ƙafa a ƙasa, ba layi. Ba zan ɓoye miki ba, ƙafafuna sun yi daɗi ranar kamar ba nawa ba. Zagaye na uku ina ta tara. Na huɗu ina ta bakwai. Da na karɓi gorar ƙarshe Baba ko ihu bai yi ba, sai ya ce, "Riƙe haka, Tili, riƙe haka kawai." Na san daga nan zai yanke ta cikin itatuwa a guje ya tare ni a gangare, yadda ya saba a zagayen ƙarshe.

Gangaren ya cika da mutane, suna ta kaɗa ƙararrawar shanu. A tsakiyarsa tayar gaba ta zame a kan wata saiwa. Faɗuwar gaskiya ce, wannan kam ban shirya ta ba, sai dai faɗuwar banza, irin wadda nake yi sau goma a mako. Na kwanta ta gefe cikin taɓo, keken a kaina, ƙafar dama a maƙale a feda. Murɗa dunduniya kawai zan yi takalmin ya saki feda in miƙe, da ko mutum ɗaya ba za ta wuce ni ba.

Ban murɗa ba. Ban yi shawara da kaina ba, jikina ne kawai ya ƙi. Ina kallon ganyen itatuwa a sama suna ɗigar ruwa. Wata ta wuce, na ce takwas. Wata ta wuce, tara. Na juya kai, sai ga takalmansa, waɗannan shuɗayen da Mama take ta cewa ya yar. Taku uku. Igiyar tana taɓa cikinsa. Na samu amsar tambayar da na yi miki.

Wani tsoho ɗan Italiya ya sunkuyo ta ƙarƙashin igiya ya miƙa hannu wajen keken. Na ji Baba ya ja numfashi. Ya ce, "Kar..." da irin muryar nan. Sai ya tsaya. Goma ta wuce. Sha ɗaya ta wuce. Na rufe ido ina jiran "tashi".

Abin da na ji shi ne nauyin keken ya bar jikina. Baba ne, a cikin hanya, tsakiyar taɓo, ya kama dunduniyata da hannunsa ya murɗa ya cire ta daga feda. Alƙali yana ta busa usur yana ɗaga hannu, masu tsere suna kauce masa suna zaginsa da yare uku. Ko kallonsu bai yi ba. Ya zaro filaya daga aljihun baya, ƙas, ƙas, ƙas, ya yanke lambar daga kan keken ya cusa a rigarsa. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya kama wuyan hannuna kamar ranar da ya fara kai ni makaranta, muka fita ta ƙarƙashin igiya. Mai tumbi yana can gefe ya buɗe hannuwa yana cewa, "Dumitru, ka haukace? Da ta tashi!" Baba ya ce, "Matsa min, ka tare hanya."

A tantin likita aka wanke gwiwa aka manna filasta, aka ce ba komai. Muka koma mota. Ya haɗa tiyo ya fara wanke keken yadda ya saba, taya, sarƙa, birki. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon bayansa. Agogon yana hannuna, bai nema ba. Na ga in na bar shi yana zaton ya ceci 'yarsa daga karaya, to na fi kowa mugunta.

Na ce, "Baba, ban ji ciwo ba. Da na so da na tashi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani? To me ya sa ka shigo?"

Ya kashe ruwan. Ya daɗe yana naɗe tiyon a gwiwar hannu. Sannan ya ce, "Da ciwo ne da kin tashi. 'Ya'yana da ciwo suke tashi, ni na koya musu. Da na ga lafiyarki ƙalau kin kwanta, na san abin ya kai."

Na yi kuka, Yaya, irin mai majina, a gaban 'yan Folan da kowa. Shi bai yi ba. Ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ɗaga tiren sama, ya sa lambata sha tara a kan taki huɗu, ya rufe. Sannan ya buɗe aljihun mota ya miƙo min wayata.

Ga ta nan a cinyata, amma na kasa kiran ki, shi ya sa nake rubutu, zan ɗauki hotonsa in turo. Ba mu yi maganar gaba ba. Ban san ko na daina ba ne ko hutu ne, bai tambaya ba, ni ma ban ce ba. Tun Italiya maganarsa ba ta wuce goma ba. Amma ɗazu da muka tsaya shan mai, ya baza taswira a kan sitiyari ya ce ba za mu miƙe gida ta Sibiu ba, wai ana gyaran hanya, gara mu zagaya ta Cluj, garin da kike. Na duba a waya, ba a gyaran komai. Can kuma, yana kallon gilashi, ya ce burodinmu ya ƙare, ko na san wani wuri mai kyau a garin.

Gobe wajen sha ɗaya na safe za mu iso. Ban yi miki alkawarin zai fito daga mota ba, kin san shi. Ban kuma ce dole ki fito ba, ke kika san abin da kafaɗarki ta ɗauka. Zan shigo ni kaɗai in sayi burodi biyu, in ci ɗaya duka a tsaye a gabanki. Motar za ta tsaya a tsallaken titi. Ya sauke tayar da ke rataye a kan sunanki, ya ce wai tana ƙara a hanya.

Ƙanwarki mai son ki,
Otilia